Watandar Faifai

Jan rubutun ya sake fitowa a kan allon kwamfutar, bai canza ko wasali ɗaya ba. Shafi'u ya goge tafin hannunsa a jikin wando, ya matso da kujera, sai ka ce matsowar ce za ta sa na'urar ta ji tausayinsa.

"Ba sai ka sake gwadawa ba, Malam Shafi'u," in ji Malama Hafsa, jami'ar da hukumar jarrabawa ta turo daga Gusau don ta duba cibiyar. "Manhajarmu ba girman faifan ajiyar gaba ɗaya take aunawa ba. Inda shi mai masaukin yake zaune take dubawa. Ka ba shi giga ashirin, ita kuwa sai ta ga ɗari kafin ta yarda ta sauka."

"Amma faifan ya ninka abin da kuka nema, ranki ya daɗe."

"Na gani. To ina sauran ya tafi?"

Amsar ba ta faɗuwa a gaban baƙuwa.

Babbar na'urar da suke kira saba tana tsaye a kusurwar ɗakin, tana huci. Ita kaɗai ce, amma a cikinta akwai tsarin da ake kira mai masauki, wanda yake riƙe da wasu kwamfutoci a matsayin baƙinsa, kowace da ɗakinta a kan faifan ajiya. Mutum uku ne suka haɗa hannu suka saye ta: Malam Dalhatu mai wannan makaranta ta Anka, da Alhaji Mainasara na Gummi, da Jibo na Bukkuyum. Burinsu shi ne a samu cibiyar rubuta jarrabawar shiga jami'a a nan kusa, ɗalibansu su huta da bin hanyar Gusau, hanyar da a shekarun nan mutum ba ya hawa sai ya yi sallama da iyalinsa kamar mai tafiya Makka.

Ranar da aka kawo na'urar su ukun suka zauna a kan tabarma a wannan ɗakin, Shafi'u yana durƙushe a gabanta zai girka mata tsari. Da ya ce dole a yanka faifan kashi-kashi, sai fuskar Alhaji Mainasara ta washe, domin a nan ne zancen ya zo inda ya sani. Ai watanda ce, in ji shi. An haɗa an sayi sa, sai a kasa nama daidai wa daida, babba ya fara ɗauka. Jibo ya ƙara da cewa kowa ya kulle nasa da kalmar sirrin da shi kaɗai ya sani, don zumunci ya ɗore. Shafi'u ya buɗe baki zai ce mai masaukin ma yana da haƙƙi, kuma ana barin fili a gefensa saboda gobe. Sai ya ɗaga ido ya ga Malam Dalhatu yana gyaɗa kai. Malam Dalhatu kuwa surukinsa ne, mahaifin matarsa Hamdiyya, mutumin da ko hanya suka haɗa sai Shafi'u ya ratse ya cire takalmi. Wane shi ya yi gyara a maganar da surukinsa ya gyaɗa wa kai? Ya gutsura wa mai masauki ɗan abin da zai riƙe rai, ya jera kason Malam a jikinsa saboda girma, na Alhaji Mainasara ya biyo, na Jibo ya rufe, bai bar ko tsinke ba. Aka shafa fatiha kowa yana yaba hankalin yaron.

Yau ga sakamakon hankalin. Ɗakin mai masauki ba ya faɗaɗa sai ta bangon da ke jikinsa, kuma abin da ke jikinsa kason Malam ne.

"Akwai hanya," ya ce a hankali. "Sai dai tana son lokaci."

Malama Hafsa ta dubi agogon hannunta. Ba muguwa ba ce, gajiya ce kawai a fuskarta. "Yau ake rufe duba cibiyoyi. Direbana ya rantse ba zai kai la'asar a Anka ba, ni ma ba zan roƙe shi ba, ina da 'ya'ya. Ana sallame azahar zan sake gwadawa. In ta sauka, na sa hannu. In ba ta sauka ba, ɗalibanku sai Gusau."

Ta fita zuwa inuwar darbejiya inda aka shimfiɗa mata tabarma. Shafi'u ya zauna shi kaɗai da hucin na'ura da ƙarar janareto.

Rushe kason Malam aikin minti kaɗan ne. Abin da ke cikinsa ne matsalar. Malam Dalhatu bai zuba takardun makaranta a ciki ba, bai zuba komai na duniya ba. Muryar wansa ce a ciki, marigayi Malam Sahabi na Zugu, wanda ya yi shekara da shekaru yana tafsirin azumi a ƙofar gidansu ana ɗauka a kaset. Shafi'u da kansa ya riƙa zuwa Zugu a babur yana kwaso kaset ɗin buhu-buhu, yana juye su a kwamfuta yana mayarwa. Malam ya hana a matse sautin don ya yi ƙanƙanta, ya ce kada a rage komai daga muryar, ko tarin da ya yi a bar masa. Ba a daɗe da mayar da buhun ƙarshe ba 'yan bindiga suka shiga garin. Malam Sahabi bai fita ba, ɗakin littattafansa ma bai tsira ba. Abin da ya rage na muryarsa a duniya yana cikin wannan baƙin akwatin.

Ya sha cewa zai sayo faifan waje ya kwafe. Kullum sai wata buƙatar ta sha gaba.

Ya fara da abin da ya fi sauƙi. Kason Alhaji Mainasara kusan fanko ne, zai ɗauke karatun duka in an buɗe shi. Ya kira lambarsa, aka ce a kashe take. Ya kira ɗansa, ya ce Alhaji ya tafi ta'aziyya wani ƙauye bayan Gummi, inda ko an hau bishiya ba a samun layi. Ya kira Jibo, wayar ta yi ta ƙara har ta gaji. Ranar kasuwa ce, Jibo kuwa in ya shiga cikin masu wake ko ƙaho aka busa ba zai ji ba. Makullan da aka yi don zumunci ya ɗore suna nan daram, Shafi'u ne ya ƙera su da hannunsa kuma ya ƙera su da kyau.

Ya leƙa waje ya tambayi Malama Hafsa ko za ta ara masa faifan da ta zo da shi. Ta girgiza kai tun kafin ya rufe baki. Na hukuma ne, a rufe yake, in ta saka wani abu a ciki aikinta ne zai tafi.

Saura kwamfutarsa ta hannu, tsohuwa mai tsagaggen murfi. Ya share duk abin da ke cikinta, har hotunan sunan ɗansa, ya jona ta da waya. Lissafin bai yi masa daɗi ba. Wayar siririya ce, sautin kuma nauyi gare shi. Kafin azahar ba zai kwashe ko rubu'in karatun ba.

Sai ya kira Hamdiyya. Ita ma tana cikin masu jiran wannan cibiyar. 'Ya'yanta biyu, amma ba ta taɓa sauke burin karatun jinya ba, da goyo a baya take bitar littattafanta. Bara ta yi rajista aka tura ta Gusau, a makon aka tare hanya, Innarta ta ce sai dai a bi ta kan gawarta. Haka shekarar ta wuce.

Ta saurare shi har ya gama, ba ta katse shi ba.

"Kak ka hwaɗa ma Baba," ta ce. Muryarta ta yi ƙasa. "Don Allah kak ka hwaɗa mashi. Ka san kullum bayan la'asar nan yaka zama shi saurari Baffa. Shi ɗai yar rage mashi."

"To ke hwa?"

"Ni in haƙura. Wata shekara na nan."

"Haka kic ce bara."

"To ƙaƙa za ni yi? In ci jarrabawa bisa muryar Baffana?" Ya ji ƙaramin yana kuka a bayanta. "Bar shi, Baban Uwais. Ka ce ma matar injin ya lalace."

Ta kashe wayar kafin ya ji tana kuka, amma ya san tana yi. Tausayinta ya kama shi, haushin kansa ya fi tausayin yawa. Tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka, to amma wannan ruwan bai tsaya a kansa shi kaɗai ba.

Yana nan riƙe da wayar ya ji sallama a tsakar makaranta, da takun sandar da ya sani. Malam Dalhatu ya zo gaishe da baƙuwa. Shafi'u ya ji suna gaisawa, ya ji Malam yana tambayar hanya, sannan ya ji abin da yake tsoro: Malama Hafsa, da zuciya ɗaya, tana cewa komai na cibiyar ya yi, kujeru da wuta da kwamfutoci, abu ɗaya ne ya tsaya, kuma injiniyansu ya ce akwai hanya.

Labule ya ɗaga. Shafi'u ya zame daga kujera ya durƙusa, idonsa a kan siminti.

"Sannu da aiki," in ji Malam. Dogo ne siriri, gemunsa ya yi fari fat tun bayan abin da ya faru a Zugu. Ya zauna a kan bencin ɗalibai ya jingine sandarsa. "An ce akwai hanya. Wace hanya ta?"

"Allah shi gafarta Malam, ana nan ana dubawa."

"Ban tambaye ka ko ana dubawa ba."

Tun da Shafi'u ya auri Hamdiyya bai taɓa haɗa jimla uku a jere a gaban mutumin nan ba. Hanya mafi sauƙi ita ce wadda matarsa ta nuna masa, ya ce inji ya lalace, kowa ya ce Allah ya ƙaddara. Ya ji ƙaryar ta zo har bakinsa. Sai ya tuna ba Hamdiyya kaɗai ba ce, akwai 'yan Gummi da 'yan Bukkuyum da za a loda a motoci a bi da su ta dajin nan da asuba.

Ya faɗa. Kansa a ƙasa, ya faɗi yadda aka kasa faifan, da yadda mai masauki ya tashi da ɗan guntu, da cewa ba ya faɗaɗa sai ta kason da ke jikinsa. Ya faɗi abin da za a rasa, bai rage ba.

Janareto ya yi wata 'yar shaƙuwa a waje, fitilar ɗakin ta lumshe ta dawo, gaban Shafi'u ya faɗi.

"Ranar da munka yi rabon ga," in ji Malam, "ka san haka na iya hwaruwa?"

"Na sani, Allah shi gafarta Malam."

"Mi ya hana ka magana?"

Shafi'u ya ƙara sunkuyar da kai.

"Kunya," Malam ya amsa wa kansa. Ya yi wani ɗan murmushi marar daɗi. "Mu da munka yi ta watanda tun kahin a haihe ka, munka manta ana hidda ma mahauci nashi kahin a kasa. Kai kuma kag gani kaƙ ƙyale mu, don kar ka ɓata ma surukinka rai. To ga shi ka adana mani ɓacin ran, ya yi 'ya'ya."

"A gahwarce ni."

"Na Mainasara hwa? Na Jibo?"

"Suna nesa da shi. Kuma a kulle suke, an kira ba a same su ba. Naku na ad dab da shi, don ku anka hwara ba."

"Don ni ab babba."

"Eh."

"To ai an ce babba juji na." Malam ya ja dogon numfashi. "Nawa kaka iya ɗauka kahin azahar?"

"Kaɗan na. Ba ya kai rubu'i." Shafi'u ya yi ƙarfin hali ya ɗan ɗago. "In Malam ya yarda, in hwara da na ƙarshe, na azumin da yac cika. Shi nag ga Malam ya hi saurare."

Ya san abin da yake faɗa. A kaset ɗin ƙarshe ne Malam Sahabi ya rufe tafsiri da doguwar addu'a, ya ambaci ƙaninsa da sunan da Innarsu take kiransa da shi suna yara. Sau da yawa Shafi'u ya wuce ta bakin tagar nan ya ji ana mayar da wurin baya.

Malam ya rufe ido. Leɓɓansa suka motsa, ba a ji abin da ya ce ba.

"A'a," ya ce. "Wancan nau na, ni ɗai yaka yi ma amfani. Karatu ba a hwara shi daga tsakiya, balle daga ƙarshe. Hwaro daga Fatiha, ka bi a jere. Inda lokaci yat tsaya, nan Allah yat tsaida muna."

"Malam, ko guda ɗai..."

"A jere, nic ce."

Shafi'u ya koma kujera a karkace, don kada ya ba surukinsa baya. Ya fara turawa. Wani koren layi ya fito yana rarrafe a ƙasan allon, sunayen kaset ɗin suna wucewa ɗaya bayan ɗaya da jinkirin da ke sa mutum ya ji kamar ya sa hannu ya tura. Baƙara kaɗai ta ci lokacin da ya ba shi tsoro, domin marigayin ba mai gaggawa ba ne, aya ɗaya takan ɗauke shi zama guda. Zafi ya cika ɗakin. Malam ya fito da carbi, bai kalli allon ko sau ɗaya ba. Can direban Malama Hafsa ya tayar da mota ya kashe, don dai a san yana nan.

Da ladan ya kira azahar, suka fita tare suka bar layin yana rarrafe. Shafi'u bai san abin da liman ya yi ba sai da ya ji sallama, kunnensa yana kan janareto. Suna dawowa suka tarar da Malama Hafsa tsaye a bakin ƙofa, jakarta a kafaɗa.

"Baba, ku yi haƙuri," ta ce. Da alama wani ya gaya mata abin da ke cikin faifan, domin ta kasa haɗa ido da tsohon. "Da ina da iko da na kwana."

"Kin yi naki, ɗiyata. Hanya ba ta jiran kowa."

Shafi'u ya bar kaset ɗin da ke kan hanya ya ƙarasa shiga, sannan ya tsayar. Ya buɗe teburin rabon faifan. Ga su nan a jere kamar yadda aka kasa su a kan tabarma: ɗan guntun mai masauki, na Malam, na Alhaji Mainasara, na Jibo. Ya rubuta umarnin rushe na biyun. Na'urar ta tambaye shi ko ya tabbata. Yatsansa ya tsaya a sama, ya ƙi sauka.

"Wane na?" in ji Malam, wanda ya taso ya tsaya a kansa.

Shafi'u ya nuna maɓallin.

"Kauce. Ba ni barin ka da wanga nauyi, kana kwana gida guda da ɗiyata."

Tsohon ya yi bisimilla ya danna da ɗan yatsansa mai tabon tawada. Babu wata ƙara, babu komai. Layi ɗaya ne kawai ya ɓace daga cikin huɗun.

Sauran aikin bai ɗau lokaci ba. Shafi'u ya ja iyakar mai masauki ta shige cikin filin da aka share, ya ba shi abin da ya ishe shi har da ƙari, ya bar ragowar fanko ba na kowa ba. Malama Hafsa ta jona faifanta. Su uku suka zuba wa allon ido. Inda jan rubutu yake ɗazu sai ga kore, manhajar ta fara sauka a kan wurin da muryar take. Ta sa hannu a tsaye, ta yi sallama a gurguje, motar ta fice tun kafin ta gama rufe ƙofa.

Shafi'u ya ɗauki waya zai kira Hamdiyya, ya fasa. Bai san da wanne zai fara ba.

Malam ya koma kan benci. Yanzu da baƙuwa ta tafi, sai tsufansa ya fito fili, kafaɗunsa suka sauka.

"Ragowar hilin ga, Allah shi gafarta Malam," in ji Shafi'u, "in Malam na so in sake yanka mashi kaso..."

"Bar shi nan. Ka ce ana barin wuri saboda gobe." Ya nuna tsohuwar kwamfutar da haɓa. "Ina munka tsaya?"

Shafi'u ya duba. "Cikin Ma'ida. Ba ta ƙare ba."

"Sa mani ƙarshen."

Ya buɗe kaset ɗin da ya shiga a ƙarshe, ya ja shi zuwa kusa da ƙarewa. Ƙaramar lasifikar ta yi shuu, sannan muryar ta fito, kakkaura, mai ɗan kaushi, ana jin kukan awaki a bayanta da wani yaro yana tallar ƙosai. Malam Sahabi ya fassara rabin aya, ya yi tari, ya ce wa mai jan baƙi ya dakata haka nan, rana ta yi ƙasa, mata suna jiran a je a sha ruwa.

"Nan za mu tsaya," in ji muryar. "Wanda yaz zo yau shi dawo gobe, in Allah ya kai mu, mu ɗora daga inda munka aje."

Sautin ya yanke. Malam Dalhatu ya ci gaba da kallon lasifikar kamar akwai saura.

"Allah shi kai mu, Yaya," ya ce.

Ya miƙa hannu yana laluben sandarsa, tana jingine dab da gwiwarsa amma bai gan ta ba. Shafi'u ya ɗauko ya sa masa a hannu.